Sunan da Inna Ba Ta Kira

Da faɗa na fara sanin yaran nan. Wata Asabar da hantsi na koma makarantar da nake koyarwa a Gashuwa don in ɗauko takardun jarrabawa da na manta, sai na tarar an kwashe bencinan ajina kaf, an yi da'ira da su a gindin bishiyar maina. Mata sun fi talatin zaune a kai, baki rufe, suna wani irin gunji kamar an taɓo gidan zuma. Ni kuwa duk wanda ya zauna da ni ya san ba na haɗiye magana. Na tsaya a kansu na ce wa ya ba su izinin taɓa min benci, ko sun ɗauka kayan makaranta ba su da mai su ne?

Wata doguwar yarinya siririya ta taso, ta rusuna ta gaishe ni, ta ce hedimasta ne ya ba su aron wurin, kuma in sun gama kowane benci zai koma inda aka ɗauko shi. Sannan ta matsa min gefe ta ce, "Malama, tunda Allah ya kawo ki, ga wuri. Mu a nan ba a tsayawa kallo." Na ce mata ba zama ya kawo ni ba. Na dai zauna, amma don in tabbatar ba a karya min komai ba ne.

Daga baya na san ko su wane ne. Matasa ne su goma sha biyu, maza da mata, kuma waƙa ce sana'arsu. Su ne muryoyin da ake ji suna amshi a waƙoƙin biki da ake ɗauka a situdiyo, su ne masu rera tallan sabulu da na rigakafi a rediyo. Akwai Badawa a cikinsu, akwai Mangawa da Hausawa, akwai wata yarinya da ta taso a waƙar coci, ita ta koya musu yadda ake jera murya wata bisa wata. Ranar Asabar sukan ajiye sana'ar su fito su yi waƙa da mutanen gari, matan da mata, mazan kuma su tafi bakin kogi wajen masunta da 'yan fansho. Cewarsu, tun da injin niƙa ya raba mata da turmi aka daina haɗa murya, kowa ya koma ɗaki da damuwarsa da wayarsa. Da na ji haka na taɓe baki, na ce yaran zamani ba sa rasa dogon bayani.

Abin da ya fara kashe min baki shi ne yadda suke aikin. Ba lasifika, ba makirfo, ba wanda ya tsaya a gaba. Rarrabuwa suke yi su shige cikin mutane, kowace ta zauna tsakanin mata biyu. A fara da jan numfashi, a yi gunjin nan da na tarar, sannan a ɗauko waƙa mai gajeren amshi wanda ko kurma zai kama. Doguwar nan na taɓa jin ta a gidan biki, muryarta har bayan layi. Amma a gindin mainar sai ta ƙanƙantar da ita, ta sa ta a ƙarƙashin muryar wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, tana tallabe da ita, har tsohuwar ta ɗauka ita ce gwanar. Na shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, na san irin wuyar da ke cikin mutum ya iya abu kuma ya ɓoye iyawarsa don wani ya samu ƙafar tsayawa.

Wata biyar ke nan a lokacin da rasuwar yayana. Ciwon ƙoda ne, irin wanda ya saba ɗauke mana mutane a garin nan. Manomin tattasai ne da shinkafa, ƙato, mai dariya da ƙarfi, amma cikin shekara guda ciwon ya mayar da shi kamar ba shi ba. Na yi kukana na ƙoshi tun a kwanakin makoki, na ɗauka na gama. Ranar nan ban san lokacin da bakina ya shiga amshi ba, ban kuma san lokacin da hawaye ya jiƙa min hijabi ba. Ba wadda ta juyo ta dube ni. Da aka tashi na ji ƙirjina sakayau, har na taya su mayar da bencin, na kuma koma gida ba tare da takardun da na zo ɗauka ba.

Tun a hanya tunanina ya tafi wajen Inna.

Innarmu a Nguru take. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta can cikin tuddan yashin Yusufari, aure ne ya shigo da ita gari. Yayan nan nawa da ya rasu shi ne ɗanta na fari, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunansa. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ana yaye shi kakarmu ta tafi da abinta. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Adda yake ce mata, kamar dai yayarsa ce. In zancensa ya kama ta dole, sai ta ce "wancan". Yakan zo daga Gashuwa da buhun shinkafa ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, sai ya fita sannan ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko an ba baƙo abinci.

Da ya rasu, ita ce mai rarrashin matarsa, ita ce mai ce mana mu yi haƙuri. Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Masu ta'aziyya suna fita suna cewa, kai, baiwar Allahn nan akwai tawakkali. Yabon nan ya riƙa ƙona min rai, don ni nake ganin ƙwaryar fura tana komawa yadda aka kawo ta. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Likita ya ce jininta ya hau kuma magani ya ƙi saukar da shi, ya ja ni gefe ya ce akwai abin da Mama ta riƙe a ranta. In na tambaye ta sai ta ce lafiyarta lau, in daina sa mata ido. Tsorona ɗaya ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba: kada damina ta zagayo ta same mu a wani zaman makokin.

Sai na ji ashe yaran sukan je Nguru sau ɗaya a wata, kuma a gidan wata Hajiya maƙwabciyarmu suke taruwa, Bamangiya, ƙawar Inna tun suna amare. Na samu doguwar na ce zan kawo mahaifiyata, ta rasa ɗa, ta daina cin abinci. Ɗa kawai na ce. Ban ce na fari ba. Abin ya zame min jiki har ban ga abin faɗa a cikinsa ba, kamar yadda mutum ke mantawa ya gaya wa baƙo ƙofar ɗakinsu gajera ce sai ya ji ƙarar goshi.

Fitar da Inna ma aiki ne. Ta ce waƙa da rana tsaka ai ta marasa aikin yi ce. Sai da Hajiya ta shigo da kanta tana "Wushe, wushe," irin gaisuwarsu ta Mangawa, ta ce wallahi in ba ta zo ba ita ma ta daina shigo mata. Inna ta ja mayafi tana mita, muka tafi.

Da farko komai ya tafi yadda nake fata. Ta zauna a ƙarshen tabarma, fuska a ɗaure, amma da aka yi nisa na hango ɗan yatsanta yana bugun gwiwa. Na ce a raina, Alhamdulillahi, an kama hanya. Can sai suka ɗauko wata waƙa tasu da na riga na sani daga Gashuwa, wadda ni kaina ita ta fi taɓa ni. Zagayawa ake yi, kowace mace ta ambaci sunan wanda ta rasa, sauran su amsa mata da addu'a, su ce ya tafi gida, Allah ya sa ya huta. Wannan ta kira mijinta, waccan ta kira ƙanwarta. Sai da layi ya rage mace biyu a kai ga Inna sannan na tuna abin da ban faɗa ba.

Doguwar ta rarrafo ta durƙusa a gabanta da ladabinta, ta ce, "Inna, faɗi sunansa, mu amsa miki."

Tsofaffin da suka san mu duk suka sunkuyar da kai. Yarinyar ta ɗauka nauyin baki ne irin na mai baƙin ciki, ta sake cewa a hankali, "Ko sau ɗaya ne, Inna." Ban ga laifinta sosai ba yanzu da nake tunawa. Ita ma tana da ɗan fari, amma hotonsa ne a fuskar wayarta, sunansa kuwa ko a waƙa tana sa shi. Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nemi takalmanta ba gaggawa, ta fice.

Na bi ta muka koma gida. Sai da na kawo mata ruwan alwala ta ce, "Shekara hamsin da biyu ban kira sunan nan ba yana raye yana jina. Sai yau da ba ya ji za ki tara min mata in kira?" Ranar ko furar da takan ɗan kurɓa ba ta taɓa ba.

Na fita zaure na kira yarinyar a waya, na sauke mata kwandon masifa. Na ce sun iya waƙa amma ba su san mutane ba. Na ce na kawo musu marar lafiya sun ƙara mata ciwo, in wani abu ya same ta su kuka da kansu. Ta bar ni har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Malama, laifinmu ne, da sai mu tambaya. Don Allah, a ina Inna ta girma?" Na ce a ruga, sai me? Ta ce, "Ta yi tatsa ke nan?" Na kashe wayar, don a ganina rainin hankali ne. Sai da na kashe na tuna ni ce ban faɗa musu ba. Har yau ban ba ta haƙuri yadda ya kamata ba, in ta karanta wannan, to ga shi na bayar.

Asabar ta zagayo ina Nguru, don ban iya barin Inna a makon ba. Da hantsi muna tsakar gida, ina tsintar shinkafa ita tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, sai ga sallama. Su uku ne, doguwar da wasu biyu, har da 'yar cocin nan, sun biyo motar safe daga Gashuwa. Daga baya na ji wani biki suka bari suka taho. Suka zube a gaban Inna suka ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, ai yara ne ku." Ni da na san ta, na san in ta faɗi haka to ta rufe ƙofa ta sa sakata.

Amma ba su tashi ba. Ɗaya ta janye faifan shinkafar daga hannuna, ɗaya ta ɗauko wani, suka baje suna tsinta kamar 'yan gida. Na zuba musu ido ina jiran in ga gudun ruwansu. Suka yi ta tsinta suna jefa tsakuwa a murfin kwano. Can doguwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inna, akwai wata waƙar tatsa da muka ji a bakin wata mai nono a kasuwar shanu, mun yi mun yi mun kasa kama ta." Ba ta jira amsa ba ta fara rerawa.

Kai, ban taɓa jin an ci zarafin Fillanci irin na ranar ba. Harshenta na Badawa ne ya hau kan kalmomin ya tattake su. Na tambaye ta daga baya ko da gangan ta ɓata, ta rantse iyakar ƙoƙarinta ke nan, amma tana rantsuwar tana dariya. Inna kuwa akwai abin da ba ta iya jurewa a duniya, shi ne a yi abu ba daidai ba a gabanta. Na ga carbin ya tsaya. Ta daure, ta daure, sannan ta ce, "Ke, wace saniya ce za ta tsaya miki da wannan? Harbi za ki sha."

"To ya ake yi, Inna?"

Ta yi tsaki, ta gyara zama, ta rera musu layin farko. Gaskiya ɗaya ce, muryar Inna ba ta da daɗi, a shaƙe take, ga kuma tsatsar shekaru. Amma kan ka ce me, yaran nan sun shige ƙarƙashinta sun tallabe ta yadda na ga suna yi a gindin maina. Ta gyara musu amshi sau uku, ta ce wa ɗaya bakinta ya cika nauyi. Daga wannan ta wuce wata, ta kiran shanu in sun dawo kiwo, daga ita ta wuce ta kaɗa nono. Ni da aka haifa a cikinta ban san tana da waɗannan a ajiye ba.

Sai ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Akwai wata kuma. Ba kullum ake yin ta ba." Ta ce in maraƙi ya mutu, uwar takan riƙe nono ta ƙi saki, hantsarta ta kumbura, ta daina kiwo, in ba a yi da gaske ba ita ma sai a rasa ta. Sai a feɗe maraƙin a cusa ciyawa a fatar, a barbaɗa kanwa a kai, a ajiye mata tana lasa. Mai tatsa kuma ta jingina goshi da cikinta ta yi ta yi mata waƙa har ta saki. Ta koya musu amshin, kalma biyu ne kacal, ma'anarsu saki, ki huta.

Fillancina ba shi da ƙarfi, amma ina ji. Waƙar tana ce wa saniya, kin duba garke babu shi, kin duba hanya babu shi, kin yi kira ba a amsa ba. Yaran suna amsawa, saki, ki huta. Ta zagayo sau biyu lafiya. A na uku sai na ji ta sa wani layi da na tabbata ba ya cikin waƙar. Ta ce wa saniyar, ke kin ma lashi naki.

Muryar ta karye a nan.

Yaran ba su san me ta ce ba, amma kunnensu na sana'a ne, sun ji abin da ya faru. Ba wadda ta tsaya, ba wadda ta ɗago. Suka riƙe amshin nan suna juya shi, wannan ta ɗauka ta miƙa wa waccan, 'yar cocin ta hau sama, doguwar ta zauna a ƙasa, hannayensu na ci gaba da tsintar shinkafa. Kuma suka ɗaga murya daidai yadda duk wanda ke bayan katanga, har gidan Hajiya, ba abin da zai ji sai waƙa. A ƙarƙashin wannan Inna ta yi kuka. Ba irin kukan da na sani ba ne, wani abu ne ke fitowa tun daga cikinta yana girgiza mata kafaɗu. Na yunƙura zan tashi in rungume ta, sai na ji an take min bakin zani. Doguwar ce, ko kallona ba ta yi ba, ƙafarta dai na kan zanina har na koma na zauna. Da na taɓa Inna a lokacin, da ta haɗiye sauran, kuma da wuya ya sake fitowa.

Ban san tsawon lokacin ba, na dai ga inuwa ta janye daga bakin ƙofa ta koma gindin randa. Kalma biyu suka yi ta maimaitawa duk wannan lokacin, ba gajiya, ba ƙawa, ba wadda ta nemi a ji daɗin muryarta. Mutanen da abincinsu shi ne a kalle su a tafa musu, ga su sun mayar da kansu labule. Na ga gwanaye a rayuwata, a aji da wajen aji, amma ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba, kuma ina faɗa ne a matsayin wadda ta zage su mako guda kafin nan. Da numfashinta ya fara daidaita, su ma suka riƙa sauka kaɗan-kaɗan, har ya koma gunjin nan na baki rufe, har ya ɗauke.

Ba wadda ta ce mata sannu. Inna ta goge fuska da bakin mayafi, ta jawo faifan ɗaya daga cikinsu ta duba, ta ce wannan ita ce tsintar 'yan birni, ga tsakuwa nan fal. Ta ce kuma suna jan ƙarshen amshin da yawa, ba haka ake yi ba, in sun sake shigowa gari su biyo ta gyara musu. Suka ce to, Inna. Aka kira azahar, masu salla suka yi salla, na raka su bakin titi. Na buɗe baki zan yi magana, doguwar ta ce, "Malama, koma ciki, kada ki bar ta ita kaɗai."

Na tarar da ita inda na bar ta, tana sake tsince shinkafar da suka tsinta. Na zauna nesa kaɗan na yi kamar ina gyara murhu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wancan, yana waƙa kuwa?"

Na ce sosai ma. A gona yake yi, a mota yake yi, ga murya kamar ana jan garwa a kan siminti, har masu tsinkar tattasai sukan roƙe shi don Allah ya bari.

Sai na ji wani ɗan sauti daga hancinta, tsakanin dariya da abin da ya rage na kuka.

"Ni ya biyo," ta ce. "Babanku muryarsa da daɗi."

Tun da nake ban taɓa jin ta haɗa kanta da shi a magana ɗaya ba. Na juya mata baya don kada ta ga fuskata, ita kuma ta ce in furar safe ba ta yi tsami ba in miƙo mata.